Kyauta Ɗaya Ga Gida Guda: A Hannun Wa Za Ta Kwana?

Duk mai cin albashi a Kaduna, ko Abuja, ko Kano, wanda cibiyarsa ke binne a Zonkwa, ko Kaltungo, ko Pankshin, ko Numan, ya san irin lissafin da watan Disamba ke zuwa da shi. Kuɗin mota daban. Ga gidan yaya, ga gidan ƙanwa da ke aure a ƙauyen gaba, ga gidan aminin da aka yi makarantar kwana tare, kowanne kuma cike da yara masu jiran su ga abin da Kawu ko Gwaggo za su zaro daga jaka. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, amma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin wannan kuɗi a kasuwanni da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar waccan shekarar. Magidanci bai jira sanarwar hukuma ba, aljihunsa ya riga ya sanar da shi.

Shi ya sa mutane da yawa suka koma ga dabarar kyauta ɗaya. Maimakon a bi yara ɗaya bayan ɗaya, sai a sayi abu guda a ce na gidan ne baki ɗaya. Wasu suna yin haka ne a kunyace, suna ganin gazawa ce. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Ko da kuɗi sun wadata, kyauta ɗaya ta fi, kuma babban dalilina bai shafi tsadar shinkafa ba.

A gidajenmu babu wanda ya san adadin yara sai wadda ke zuba musu abinci. Kai da ke birni kana riƙe da lissafin bara, wato huɗu. Ka iso ka tarar da bakwai. An kawo 'yar ƙanwar uwargida riƙo don ta shiga sakandare. Ga marayu biyu na ɗan'uwan da ya rasu da damina. A Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai kuma akwai yaran da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu. Bayan hare-haren jajibirin Kirsimetin 2023 a yankunan Bokkos da Barikin Ladi, ba makarantu da majami'u kaɗai suka cika da masu gudun hijira ba, har da ɗakunan dangi, kuma wasu yaran ba su koma ba.

Na taɓa zama a wani gida a Sabon Tasha ana rabon tsaraba. Ƙanin uwargida ne ya zo daga Legas, mutumin kirki, mai hannu sake. Ya buɗe jaka a tsakar gida yana kiran suna: takalmi ga wane, agogon roba ga wane, 'yar tsana ga auta. Kowa ya karɓa yana tsalle, yana "Mun gode, Kawu!" Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Marainiya ce daga dangin maigida, ta zo gidan bayan Ista, baƙon bai san da ita ba. Jaka ta ƙare, ba a kira ta ba. Uwargida ta yi wuf ta ce, "Ke kuma naki na hanya, Kawu ya mance shi a mota." Yarinyar ta ce, "To, Mama," ta koma ciki ta ci gaba da juya miya. Babu wanda ya yi niyyar ɓata mata rai. Amma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci an nuna mata iyakar matsayinta a gaban kowa, abin da matar gidan ta yi wata da watanni tana ƙoƙarin shafewa. Kyautar gida ba ta kiran suna, don haka ba ta tsallake kowa.

Akwai ƙananan dalilai kuma. Takalmin da ka sayo da awon bara ya matse. Na babba ya fi na ƙarami kyau, a kwana ana kuka. Kayan Kirsimeti kuwa, wato sabon ɗinkin da yaro zai sa ya tafi coci ranar 25, hakkin iyaye ne, kuma suna kishinsa. Uwa takan fara tarin kuɗin atamfa tun kaka, ta yi ta sintiri wurin tela har ya gaji da ganinta. In ka shigo da 'yar kanti wadda ta danne abin da ta ɗinka, ba taimakonta ka yi ba.

Kyauta ɗaya ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matafiyi tun da can ba ya ƙulla wa kowa nasa. Yakan sauke burodi da rake da ƙuli-ƙuli a gaban uwargida, ita ta san yadda za ta raba. Nannaɗe wa kowane yaro nasa a takarda mai ƙyalli a jera a gindin bishiya, a fina-finan Amurka da Ingila muka gani, inda gida mai yara biyu bana, biyun nan ne za ka tarar baɗi.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Cewa abu na kowa da kowa ne, a baki yake. Kana juya baya kayan zai faɗa hannun mutum ɗaya, kuma aikin mai kyauta shi ne ya hango wannan hannu tun yana tsaye a kasuwa.

Mu fara da buhun shinkafa, sarkin kyaututtukan Disamba. Ba ni da faɗa da shi. Wanda aka sauke wa buhu a ƙofar gida zai sa maka albarka har cikin ransa. Amma in za a faɗi gaskiya, maigida ka yi wa alheri, don ka ɗauke masa kuɗin da dole ne ya kashe. Uwargida da 'yan mata kuwa tun asubar ranar 25 suna gindin murhu, kuma rabin abin da suka dafa zai fita a kuloli zuwa gidajen maƙwabta, Kirista da Musulmi, kamar yadda tuwon Sallah ke shigowa idan lokacinsa ya yi. Al'ada ce mai kyau, Allah ya bar mana ita. Amma kafin a koma makaranta a Janairu an mayar da buhun abin shanya barkono, kuma babu yaron da zai tuna shinkafar wa ya ci.

Kwandon nan da ake naɗewa da leda mai ƙyalli a manyan kantuna ba zan ɓata masa lokaci ba. Rabin tsayinsa takarda ce aka cusa a ƙasa, sauran gwangwanin madara ne da biskit da kwalbar ruwan inabi, wasu wa'adinsu saura ƙiris. Ɗan kwangila ke gaishe da darakta da shi. A bar musu kayansu.

Talabijin ta fi kowanne yaudarar mai saye, domin a ido babu abin da ya kai ta kama da kayan iyali. Ranar farko haka abin yake: kowa a kan tabarma, yaran maƙwabta sun cika taga. Washegari rimot ya samu ubangida. Gasar Firimiya ta Ingila ba ta hutun Kirsimeti, a makon ne ma wasanni ke bin juna, saboda haka maigida da babban ɗansa da abokansu sun mamaye falo, 'yan mata suna kawo ruwa. Uwargida na son kallon shirin da take bi a Arewa24, ƙanana na son katun, sai a ce su jira a tashi daga ƙwallo. Wata ya ƙare, kuɗin GOtv ko StarTimes ya ƙare tare da shi, ga kuɗin makaranta na zango na biyu a wuya. Wutar lantarki kuma sai ranar da aka ga dama. Ka koma gidan a watan Maris, za ka tarar an lulluɓe akwatin da ƙyalle saboda ƙura.

Wani zai ce to a haɗa da ƙaramin janareta. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Wanda ya ba ɗan'uwansa janareta a yau, tamkar ya kai masa baƙon da ba ya cin tuwon gida ne, sai na saye. Ga hayaƙinsa kuma, wanda ba a rasa jin ya hallaka iyali guda cikin barci, saboda an shigar da shi ɗaki don tsoron ɓarayi.

Keke na babban yaro ne, ko me aka faɗa ranar da aka kawo shi. Ƙanana iyakarsu gudu a bayansa, 'yan mata kuwa a ce musu za su faɗi. Wayar hannu da aka ce ta gida ce, kafin dare ta samu aljihu.

Shi ya sa idan ina zaɓe ba ranar Kirsimeti nake kallo ba. Wata ranar Talata nake kallo a watan Fabrairu, wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma. Baƙi sun watse, naman ya ƙare, albashin Janairu ya tafi makaranta. A wannan lokaci su wa ke amfana da abin da na kawo, wa ke zuba masa kuɗi, wa ke yi masa wahala? In amsar farko mutum ɗaya ce, ko kuma amsar ƙarshe uwargida ce ita kaɗai, to kayan ba na gida ba ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan uwargida ce. In ka tambayi yayanka me suke buƙata, zai ce, "Haba, zuwanka ma ya isa." Ka matsa masa, ya ambaci tayar babur ɗinsa. Matarsa ita ma ba za ta faɗa kai tsaye ba, kunya ba za ta bar ta ta roƙi ƙanin miji ba. To amma ai akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, sai a bi ta nan. Kada ka ce me za a sayo. Ka ce, "Matar yaya, wai yaran nan da me suke karatu da dare?" Za ka ji ta yi dariya ta ce, "Wane karatu, ƙanina? Tocilan wayar babansu ce, shi ma in ya dawo da ita da caji." Ka tambayi wa ke ɗebo ruwa, daga ina, da ƙarfe nawa. Ka tambayi itace nawa ake sayarwa yanzu. Kafin katin wayarka ya ƙare ta gaya maka abin da za ka saya ba tare da ta roƙe ka komai ba. Wani gidan tankin ruwa ne, wani gidan tukunyar gas ce, muddin akwai inda ake cikawa kusa kuma suna da halin cikawar.

Amma a gidaje da yawa, na gari da na ƙauye, hirar a wuri ɗaya take tsayawa: haske. A ganina, in kuɗinka sun kai, ƙaramar sola ta gida ita ta fi cancanta a ce ta kowa ce. Faifai ɗaya a kan kwano, batir, ƙwan fitila uku ko huɗu, da wurin cajin waya. Da zarar an kafa ƙwai a tsakar gida, babu mai iya cusa haskensa a aljihu ya fita da shi. Mai aikin gida na makaranta, da mai tsintar wake, da tsohuwa mai laluben shafi a Littafin Waƙoƙi kafin addu'ar dare, da 'yar riƙo mai wanke-wanke, ƙwai ɗaya ke haska su, kuma ba ya tambayar ɗiyar wa ce. Ba ya shan fetur, ba shi da kuɗin wata. Wanda ya zauna a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa jihohi da dama cikin duhu kwana da kwanaki, ya ga yadda gida mai sola ya zama wurin cajin unguwa guda.

Nan ma akwai siyasa, kuma tana wurin da aka kafa ƙwan. In ka bar wa maigida zaɓi, ɗaya zai tafi falo, ɗaya ɗakinsa, na uku ƙofar gida inda yake hira da abokai. Ka tsaya a kafa a gabanka: tsakar gida, kicin, ɗakin yara, sannan falo in ya rage. Kicin aka fi mantawa, alhali nan ne ake aiki da wuƙa da tafasasshen mai cikin duhu. A kuma kafa doka tun ranar farko, caji da rana, haske da dare, in ba haka ba wayoyin maƙwabta za su tsotse batirin kafin magariba. Wanda aka ɗaure a bango ya fi wanda ake ɗauka a hannu, don fitilar da ke da mariƙi ba ta daɗewa ba ta bi maigida shago ba. In ita kaɗai kuɗinka suka isa, ka samo waya ka ɗaure ta a ƙusa.

Disamba tsakiyar hunturu ce, ƙura na kwanciya a kan faifan ta rage masa ƙarfi. Wannan ba matsala ba ce, dama ce. A kafa faifan inda hannu zai kai ba sai an taka tsakiyar rufi ba, a naɗa yaro ɗaya sarkin goge faifai, ya riƙa share shi da jiƙaƙƙen tsumma da safe, sati ya zagayo a sauke shi a naɗa wani. A ba wani sarautar kunnawa da kashewa. Yara na son sarauta fiye da yadda manya ke zato, kuma abin da yaro ke yi wa hidima shi yake kira namu.

Kasuwar sola kuwa sai da ido. Araha ba ta ado. Akwai faifan da aka manna wa takardar wat 100 wanda ba ya ba da abin da aka rubuta, akwai tsohon batir da aka goge aka sa a sabon kwali. Ka tafi da wanda ya san aikin, a gwada a gabanka. Batirin litiyam ya fi mai ruwa tsada, ya kuma fi shi daɗewa. Akwai kamfanonin da ke sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, na'urar ta kulle kanta duk lokacin da aka yi jinkirin biya. Tsari ne mai amfani ga wanda ya saya wa kansa da saninsa. Amma ka ba da kuɗin farko kaɗai, ka kai wa ɗan'uwanka ka ce ga kyauta, to bashi ka kai masa. Ko ka biya duka, ko ka sauko ka sayi daidai ƙarfinka.

A ƙauye, inda akwai fili da ciyawa, ina da zaɓi na biyu, wanda kakanninmu suka riga kowa sani: akuya mace wadda ta isa barbara. Ban ce bunsuru ko taure ba, waɗannan na tukunya ne. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, in ta samu kulawa tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu, kuma jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi ba baƙuwar tagwaye ba ce. Kafin wani lokaci kowane yaro a gidan na iya nuna tasa.

Haɗarinta ɗaya ne: duk dabbar da ta shigo gida ranar 23 ga Disamba, nama ake ɗaukarta. Na ga inda aka sauke akuya daga bayan a-kori-kura da yamma, mai kyautar ya shiga gaida tsofaffi, kafin ya gama amsa tambayar ya hanya samari sun fara wasa wuƙa a kan dutse, wani ya tafi neman kara na babbaka. Da ƙyar aka ƙwace ta. Saboda haka a faɗa da babbar murya a gaban babban gida: "Baba, wannan ta kiwo ce, ta yaran gidan nan ce duka." A bar uwargida ta jera wanda zai ɗauki ɗan fari da wanda zai bi shi, ita ce ba za ta tsallake kowa ba. In da hali ka haɗo da zakara ya fanshe ta.

Akuya tana da wahala, ba na ɓoyewa. Da damina sai an ɗaure ta a turke, a yanko mata ciyawa safe da yamma, in ta kwance ta shiga gonar maƙwabci sai an kai ga mai unguwa. Da rani ana neman harawa da dusa. Akwai annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana samar da allurar rigakafinta, saboda haka ka bar ɗan abin da za a kira malamin dabbobi da shi. Abin da ya sa duk da haka nake sonta shi ne, wahalar ta yara ce, ribar ma tasu ce. Ranar da aka sayar da ɗan akuya aka biya wa yarinya kuɗin jarrabawa, ta san daga ina kuɗin suka fito, don ita ta yanko ciyawar. Amma fa wannan maganar ƙauye ce. Wanda ya kai akuya gidan haya mai ɗaki biyu a Kaduna ko Jos, rigima ya haɗa ɗan'uwansa da mai gida.

Na san abin da iyaye mata za su ce, kuma da gaskiyarsu: yaro ɗan shekara biyar ina ruwansa da faifan sola? Shi abin da zai riƙe a hannu yake so. A cikin Bisharar Matiyu, sura ta 2, baƙin da suka zo daga gabas zinariya da lubban da mur suka kawo, babu abin wasan jariri ko ɗaya. Masu wa'azi sukan ce wataƙila da su Yusufu, mijin uwar jaririn, ya yi guzurin gudu zuwa Masar. Nassin bai faɗi haka ba, ko da yake hankali na iya ɗauka. To amma auta bai karanta Matiyu ba, kuma ba za ka lallashe shi da tafsiri ba. Maganinsa ba shi da tsada. Ka ɗora wa babbar kyautar ɗan abin da ba ya yiwuwa sai da abokin yi. Ludo mutum huɗu yake ɗauka, sauran su yi layi suna zuga. Katin Whot ya fi shi ɗaukar jama'a. Ko ka nemo Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, ɗaya ya riƙa karantawa sauran na saurare. Yaran garuruwan nan da yawa sun fi iya Hausa a baki fiye da a takarda, wannan hanya ce ta gyara hakan ba tare da bulala ba. Alewa da cincin da balan-balan kuwa a juye su a faranti ɗaya a miƙa wa uwargida. Abu guda ne nake roƙon kada a sayo, wato abin fashewar nan da yara ke kunnawa. 'Yan sanda kan hana shi duk ƙarshen shekara, kuma a garin da mutane suka taɓa kwana a daji saboda ƙarar bindiga, ba abin wasa ba ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta masu cewa a tura kuɗin kawai, masu gida su yi abin da ya fi damunsu. A wasu gidajen wannan shi ne daidai, babu ja. Inda tukunya ba ta hawa murhu kullum, ko an koro yaro daga makaranta, ko manomin citta na Kaciya da Jaba da Kagarko wanda cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta bar shi da bashi, abinci da kuɗi ne a gaba. Ba a kai ludo gidan da ake kwana da yunwa. Amma a gidan da ake ci ake sha daidai gwargwado, kuɗin da ka tura ranar 20 ga Disamba narkewa suke yi: lemo, kaji, baikon godiya a coci, baƙin da ba a yi tsammani ba. Babu wanda ya ci amana, watan ne haka. In don makaranta ka yi niyya, ka riƙe su sai makon farko na Janairu, ko ka biya kai tsaye a asusun makarantar. Abu kamar sola ko tankin ruwa kuwa, irin kayan da gida ba ya taɓa haɗa kuɗinsu a dunƙule ne, domin kuɗin gida ɗigo suke yi, buƙata na lashewa. Amfanin ɗan'uwa na waje ke nan, ya zo da dunƙulen.

In dunƙulen ya fi ƙarfin mutum ɗaya fa? Abin mamaki, mutanen da suka iya haɗa kuɗi su sayi sa na watanda, a yanka a kasa kashi-kashi babu faɗa, su ne ba sa iya haɗa kuɗin kyauta. Kowa na son a ji sunansa. Sai 'yan'uwa huɗu su zo da tarkace huɗu na roba, waɗanda kafin bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu duk sun karye. Da a ce sun yi magana a zauren WhatsApp na dangi tun Oktoba, sun yi karo-karo, da abu ɗaya mai nauyi ya shiga gidan. Bana gidan yaya, baɗi gidan ƙanwa, ana zagayawa yadda ake adashi. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki nauyin kai kayan ko kafawa. Wanda ya fi kowa zubawa, in yana son suna, a bar shi ya miƙa da hannunsa a ɗauke shi hoto. Me ya rage wa yaran?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi sayayya tun Nuwamba, kafin 'yan kasuwa su ji ƙanshin biki. Wanda zai hau mota a tashar Television ta Kaduna cikin makon Kirsimeti ya san yadda ake cusa kaya a but, buhu kan buhu. Faifan sola gilashi ne, a naɗe shi da kwali da bargo, in ta kama ka biya masa kujera ko ka rungume shi a cinya. Ka isa da kwana biyu ko uku a hannu, don ranar 25 babu mai lokacin riƙe maka tsani, mai aikin wuta ma yana coci. Rasit da takardar garanti da lambar wanda ya kafa kayan kuwa, kada su bi ka a walat. Ka damƙa wa uwargida ta sa a ƙasan akwatinta, domin ranar da waya ta tsinke a watan Afrilu kai kana Abuja.